Mustang ta 1967: A Mayar da Ita Yadda Take ko a Zamanantar da Ita?

Duk wanda ya sami tsohuwar Ford Mustang ta 1967 a Amurka, tsatsa ta ci gindinta, hanya biyu ce a gabansa.

Ta farko, a mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta. A gyara injinta na asali, misali mai silinda 8 da ake kira 289, a bar mata kafireto da birki mai ganga, a nemo launin fentinta na farko. Aikin haƙuri ne. Masu tara tsofaffin motoci suna bin lambobin da ke jikin inji da giya, kuma motar da kayanta na asali suka cika ta fi daraja a wurin gwanjo. Sai dai birkin yana rage kamawa idan ya ɗauki zafi, injin kuma yakan yi gardama da sanyin safiya.

Ta biyu, a bar jikin, a sauya cikin. Da yawa suna ɗora injin Coyote mai lita 5.0, wanda Ford ta fara sa wa Mustang ta 2011, mai ƙarfin doki sama da 400. Ga birki mai faifai, ga na'urar sanyaya ɗaki. Amma injin nan faɗi gare shi, sai an yanke ƙarfen da ke riƙe da shokazoba ta gaba kafin ya zauna. Wannan yankan ne ke damuna, domin mayar da shi ba ƙaramin aiki ba ne.

Ni dai, in injin asali yana nan, ba zan taɓa shi ba; birkin gaba kawai zan sauya. In kuwa gangar jiki kaɗai ta rage, Coyote zan saka.