Canjin boris ɗin wuyan babur a wata rumfar kanikawa ta Sabon Garin Zariya

Babur ɗina Bajaj Boxer ne, ƙirar Indiya, kuma da shi nake zirga-zirga tsakanin Samaru da Giwa kusan kullum. Bayan daminar da ta wuce na lura kan babur ɗin yana cijewa idan ya zo daidai tsakiya, kuma duk sanda na kama birkin gaba sai in ji ƙara daga wuya. Bakaniken da na fara kai wa, notin wuyan kawai ya ƙara ɗaurewa. Ƙarar ta ɗauke, amma kan ya yi nauyi har babur ya riƙa tangaɗi a kan miƙaƙƙiyar hanya, abin da ya sa na nemi wannan rumfa da wani abokin aikina ya yaba mini.

Maigidan rumfar bai taɓa sifana ba sai da ya sa yaronsa ya danne bayan babur, tayar gaba ta tashi, ya juya kan dama da hagu a hankali, sannan ya kama ƙafafun shokozoba ya ja gaba da baya. Ya ce, "Malam, ɗauri ba zai yi maganin wannan ba, zobban ne suka ci." Da ya sauke wuyan ya miƙo mini zoben ƙasa, ɗaya daga cikin zobban ƙarfen da 'ya'yan boris (ƙananan ƙwallayen ƙarfe) ke birgima a kai idan an juya kan babur, na ga jerin ƙananan ramuka a inda 'ya'yan boris suka daɗe suna dukan wuri ɗaya, giris ɗin kuma ya koma jar laka saboda tsatsa. Na ƙasan ne ya fi lalacewa, domin shi ke ɗaukar dukan kowane rami, kuma nan ruwan wanki da na sama ke taruwa.

Zobban huɗu ne: biyu a matse cikin bututun wuyan firam, ɗaya a gindin sandar sitiyari, ɗaya a sama. Wajen fitar da na cikin bututun ne na gamsu da hannunsa. Ya zura dogon ƙarfe, ya riƙa bugun gefen zoben kaɗan-kaɗan yana zagayawa, domin idan aka dage wa gefe ɗaya zoben yakan karkace ya buɗa bakin bututun, kuma daga nan sabo ba zai ƙara zama daram ba. Da ya zo sa sabon, sai ya kifa tsohon a kansa ya riƙa bugun tsohon, don kada guduma ta taɓa hanyar da boris ke birgima, yana kasa kunne har sautin ƙarfen ya sauya, alamar zoben ya kai maƙura. Dukkan huɗun ya canja tare da sababbin 'ya'yan boris, ya cika su da giris, ya ɗaure notin ya juya kan sau da dama, sannan ya sassauta shi kaɗan.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba. Zoben gindin sandar da cizal aka fitar da shi, har aka bar ɗan karce a jikin sandar, wanda sai da na yi magana aka goge. Robar da ke tare ƙura ma tsohuwar suka so mayarwa, ni na aika aka sayo sabuwa. Rumfar kuma cike take da masu jira, ga benci ɗaya tak, don haka aikin da bai wuce awa 2 ba ya cinye mini safiya har azahar.

Kuɗin aikinsa ya ɗan ɗara na sauran kanikawan layin, kuma ban ga ya ƙware ni ba. Ya nemi in dawo bayan mako guda, saboda sababbin zobba sukan ƙara zama idan an hau hanya. Na koma, ya sami ɗan wasa a wuyan, ya matse notin bai karɓi ko sisi ba. Wanda zai je ya yi sammako, kuma ya tafi da robar ƙurarsa a hannu.