Garejin manyan mashina a ɓangaren Muda Lawal: sun iya saitin kuloci, amma da sauran gyara

Masu manyan mashina na gudu a Bauchi sun san wahalar samun bakaniken da za a miƙa wa kuloci a koma gida a yi barci. Masu gyaran Bajaj da Jincheng sun cika gari, sai dai wanda hannunsa ya saba da mashin ɗin acaɓa yakan ɗauka cewa da an zuba sabbin farantai an ɗaure murfi, aiki ya ƙare. Akwai wani ƙaramin gareji a ɓangaren kasuwar Muda Lawal da masu Suzuki da Yamaha ke kai nasu, kuma abin da ya bambanta shi da saura shi ne lokacin da ogan wurin ke ɓatawa a kan saiti bayan an gama sauya kaya. Wannan sharhi ya dogara ne a kan aikin da suke yi wa Suzuki SV650, wanda kulocinsa na waya ne.

Tun kafin a zo saiti, yadda suke haɗa kayan babu laifi. Sabbin farantai masu fata suna kwana cikin baƙin mai kafin a saka su, domin busasshen faranti yana iya ƙonewa tun a tashin farko. Farantan ƙarfe kuwa ɗaya bayan ɗaya ake ɗora su a kan gilashi, a zura siririn ma'aunin ƙarfe a ƙarƙashi. Suzuki ta ƙayyade lanƙwasar da ba za ta wuce milimita 0.1 ba, kuma duk wanda ya wuce haka ko ya yi shuɗi saboda zafi, gefe ake ajiye shi. Suna kuma bin yatsun kwandon kulocin da farce. Idan gefen farantai ya sassaƙa musu tsagi kamar haƙoran zarto, to farantan za su riƙa maƙalewa, kuma ko wane irin saiti aka yi kulocin ba zai saki sosai ba. Tsagi marar zurfi suna goge shi da fayil a hankali, mai zurfi sai sabon kwando.

Ga dalilin da ya sa saiti ya zama dole. Yayin da tsofaffin farantai ke cinyewa, wasan da ke hannun kuloci, wato 'yar tafiyar da hannun ke yi kafin ya fara jan waya, yana raguwa, mai mashin kuma yana ta sassauta waya don ya cike giɓin. Ranar da aka zuba sababbi masu kauri, wancan tsohon saitin ya tashi daga aiki: hannun zai yi sako-sako, a matse shi har ƙarshe amma farantai ba su rabu ba. Alamominsa sanannu ne. Giya ta ɗaya ta shiga da ƙara, mashin yana jan jiki alhali an riƙe kuloci, firi kuma ta ƙi samuwa idan inji na aiki.

Mafi yawan bakanikai a nan suke kama abin juyawar da ke jikin hannu su yi ta murɗawa har waya ta yi tauri. A wannan gareji daga ƙasa ake farawa. Suna mayar da abin juyawar hannu ciki gaba ɗaya, su sassauta notocin waya na wajen inji, sannan su cire murfin ƙaramin sifirokat na gefen hagu, inda na'urar tura sandar kuloci take. Wurin nan matattarar dauɗa ce, man sarƙa da ƙurar hunturu sun cakuɗe sun zama ƙullu, don haka sai an wanke da kananzir an sa sabon giris. Daga nan a kwance notin da ya kulle sukurun tsakiya, a dawo da sukurun baya zagaye biyu ko uku, a sake shigar da shi sannu sannu har a ji ya taɓa sanda. Daga wannan wuri sai a dawo da shi kwatan zagaye, a riƙe shi da sukundireba a ɗaure noti. Riƙewar nan tana da muhimmanci, don noti yakan ja sukurun ya tafi da shi, kwatan zagayen ya ɓace ba a sani ba. Idan babu wannan ɗan giɓin, sanda tana danne da farantin matsi kullum, kuma da inji ya yi zafi kuloci zai fara santsi, sabbin farantai su ƙone cikin ɗan lokaci.

Sai bayan haka suke komawa kan waya. Babban saiti a notocin ƙasa, ƙarami a hannu, har wasan ya kai milimita 10 zuwa 15 idan an auna a bakin hannun, kuma da rula suke aunawa. Suna juya kan mashin hagu da dama har ƙarshe su ga ko wasan ya canza. Idan ya canza, an bi da wayar ta inda bai dace ba. Mai Kawasaki ya lura: a yawancin nasu ana auna milimita 2 zuwa 3 ne a giɓin da ke gindin hannu, kada a gwama ma'aunan biyu.

Gwajin hanya ma suna yi yadda ya kamata. Yaron shago ba ya hawa, ogan ne da kansa ke fita da shi hanyar Dass, ya sa giya ta sama yana tafiya a hankali, ya buɗe totur gaba ɗaya. Idan ƙarar inji ta tashi gudu bai ƙaru ba, akwai santsi. Yana dawowa ya sake auna wasan tun inji na da zafi.

Inda suka gaza shi ne kusoshin sifirin da ke matse farantan kuloci. Da hannu suke ɗaure su, babu sifana mai auna ƙarfi, alhali ƙarfin da ake so bai wuce wajen Nm 10 ba (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri) kuma cikin alminiyom suke shiga. Ogan yana da hannu, amma yaransa fa? Kusa ɗaya ta karye a ciki, aikin yini ya koma na mako. Suna kuma son mayar da tsohon gaskit da gam idan sabo bai samu ba, wanda ke jawo yoyon mai daga baya. Kaya ba sa ajiyewa, sai an yi oda daga Kano ko Legas, don haka wanda ke da hali ya zo da farantansa da sifirin da gaskit. Sifirin musamman kada a yi masa rowa, tsoho da ya gajarta yana sa sabon faranti santsi.

Batun mai kuwa ba sa wasa da shi: sai galan mai ɗauke da JASO MA ko MA2, alamar man da ya dace da kulocin mashin. Man mota na zamani yakan zo da sinadarin rage gogayya, kulocin da ke cikin mai kuma gogayyar yake buƙata.

Kuɗin aikinsu ya fi na masu gyaran acaɓa nesa ba kusa ba, amma ya haɗa da dawowa a sake duba wasan bayan an yi 'yan ɗaruruwan kilomita, lokacin da farantai suka zauna. Wanda kulocinsa na ruwa ne, babu waya balle saitin waya, nasa aikin fitar da iska ne da sauya ruwan birki na DOT 4, kuma gara ya tambaya tukuna ko suna da robobin famfon irin mashin ɗinsa kafin ya bari a kwance.