Zanzaro ko sakin riga: wanne ya fi dacewa a Katsina?

Mai sa ƙananan kaya a Katsina ba ya rasa wannan shawara da safe: ya cusa shat cikin wando, ko ya sake ta?

Zanzaro na ofis ne da banki da ranar intabiyu. Yana fito da bel da tsayin ƙafa, amma mai tumbi ya yi hattara, ba ya rufa asiri.

Sakin riga ya fi dacewa da garin nan. A zafin Afrilu iska na shiga ta ƙasa, ba ruwanka da gumi a ƙugu. Sai dai ba kowace shat ake saki ba. Mai dogon bindi gaba da baya don zanzaro aka ɗinka ta. In ka sake ta a kan jins sai ka zama kamar ka aro ta yayanka. Nemi mai miƙaƙƙen baki wadda ta tsaya tsakiyar zif ɗin wando.

Kada kuma ta gajarce. Gwada ruku'u da sujada tun a gaban tela: in bayanka ya buɗe, na sahun baya ba zai yi shiru ba. Zuwa gaishe da surukai kuwa, ɗauko kaftaninka da hula.