A saki yara cikin ɗakin karatu, ko a tashe su biyar-biyar?

Idan 'yan firamare suka shigo ɗakin karatu, hanya biyu ce gaban malami. Ta farko, ya sake su gaba ɗaya su bazu cikin kantoci. Yara na son haka. Amma a ajin da ya cika maƙil, kafin a kaɗa ƙararrawa za ka tarar da littafin lissafi cikin na tatsuniyoyi, bangon wani ya yage wajen ƙwace.

Ta biyu na fi so. A riƙa tashinsu biyar-biyar, sauran na kan tabarma ana karanta musu labari. A ba kowane yaro ɗan kwali mai tsawon rula: in ya zaro littafi ya soka kwalin a gurbin, in littafin bai yi masa ba ya mayar da shi inda ya ɗauko. Tana cin lokaci, gaskiya, kuma 'yan ƙarshe kan ƙosa, shi ya sa ake juya layi kowane mako. Sai dai yarinya mai kunya, wadda ba ta iya turereniya, a nan ne take samun damar tsayawa ta buɗe shafi ta duba hotuna a natse.