Ibanez mai hambaka ko Squier mai siraran fikof: wacce ce ta kiɗan metal?

Ƙanena, tsakanin jitocin nan biyu da ka turo hotonsu, ɗauki Ibanez GRG121DX ɗin. Irinta nake riƙe da ita, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Dalilin yana wajen fikof, wato maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana ɗaukar sautinsu. Na Squier Stratocaster naɗin waya ɗaya ne kowanne, saboda haka yana kwaso gurnanin wutar lantarki. Wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, kuma da zarar ka buɗe distoshan, wato abin da ke sa sautin jita ya yi kaushi da ruri, wannan gurnani yana ƙaruwa tare da kiɗan. Ƙara masa janareto, da cajar waya a kusa, da gidajenmu na Gombe da ba a ja musu wayar ƙasa ba, sai ka ji amfilifaya tana kuka ko ba ka taɓa komai ba. Hambaka, wato irin fikof ɗin da ke kan Ibanez ɗin, naɗi biyu ne da aka juya wa juna baya, gurnanin ɗaya yana kashe na ɗayan. Seth Lover ne ya ƙera wa kamfanin Gibson shi, ya hau kan jitarsu Les Paul a 1957. Sautinsa ya fi kauri, ya fi tura amfilifaya.

Inda za ka fi jin bambancin shi ne wajen danne tsirkiya da gefen tafi, wanda shi ne ƙashin bayan kiɗan nan. Ka ɗora gefen hannun dama daidai inda tsirkiyoyi suka bar jakin jita, ka riƙa bugawa ƙasa kawai, daga wuyan hannu, kada gwiwar hannu ta motsa. In ka matsa gaba da yawa sautin ya mutu, in ka koma baya ya saki. Jakin Ibanez ɗin a kafe yake, danna yadda kake so. Na Squier yana kan sifirin, ka danna da ƙarfi sauti ya karkace, kuma in ka sassauta babbar tsirkiya daga E zuwa D, sauran biyar ɗin ma sai sun goce ka sake saita su. Tsirkiya mai lamba 10-46, wato kaurin ƙarama da babba, ta isa wannan saitin. In za ka sauka zuwa C, nemi mai farawa da 11, in ba haka ba su yi laƙwas suna dukan firet, wato ƙarafan da ke jere a wuyan jita. Fik kuma, wato ɗan abin buga tsirkiya, kada ya gaza kaurin milimita 1, siriri lanƙwashewa yake yana jinkirta bugu. Kada ka murɗa distoshan zuwa ƙarshe, ɗan sama da rabi ya isa. Fiye da haka kiɗan cakuɗewa yake, kurakuranka su ɓuya har ka saba da su.

Squier ba ta da laifi, ta fi dacewa da tattausan kiɗa irin na coci da biki. Masoya metal za su kawo maka Yngwie Malmsteen, shahararren makaɗin jita, cewa ai Stratocaster yake kaɗawa. Gaskiya ne, amma ba da fikof ɗin da ke kan wannan ba.

Sai ka yi hattara da masu sayarwa, musamman na intanet masu cewa a turo kuɗi a saka maka a mota. Ana manna sunan babban kamfani a kan jitar banza, har akan sa murfin hambaka alhali naɗi ɗaya ne a ciki. Kada ka biya sai an haɗa ta da amfilifaya a gabanka an buɗe distoshan. Ka ɗan taɓa kowane layi na fikof da sukundireba, dukansu su amsa. Ka hangi wuyan daga kai zuwa ƙasa kada ya zama a murɗe, sannan ka buga kowane firet har na 24.

Hunturun nan namu kuma yana busar da katako. Bakin firet yakan fito yana yankar hannu, wuyan kuma in ya koma baya sai tsirkiya ta fara zuza. In haka ta faru, akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan, sassauta ta da rubu'in juyi kawai, ka bari ta kwana kafin ka ƙara. Tazarar babbar tsirkiya a firet na 12 ta tsaya wajen milimita 2. Ka riƙa ajiye ta cikin jakarta, nesa da taga.