Injin buɗe bakin fayif ɗin birki da na sayo a Ƙofar Ruwa, ga yadda muka kwashe

Golf 3 ɗina ce ta so ta kunyata ni ranar wata Asabar, ina fitowa daga layinmu na taka birki sai na ji feda ta tafi luuu har ƙasa kamar na taka soso, Allah Ya sa ban hau titi ba, da birkin hannu na lallaɓa na dawo ƙofar gida. Na buɗe bonet, robar man birki ta yi ƙasa da layin MIN. Da farko masta na zarga, wato famfon da ke tura man birki in ka taka feda, amma da na sa ƙanena Sadi ya riƙa takawa ni kuma na kwanta a kan kwali da tocilan, sai ga mai yana tsartuwa siriri daga fayif ɗin ƙarfe da ke tafiya baya ta kusa da tanki, daidai inda kilif ya riƙe shi. Tsatsa ta cinye wurin ya yi ɓurɓushi. Ciwon ƴan Beljiyam ke nan, can Turai gishiri suke watsawa a titi lokacin ƙanƙara, mota ta sha shi shekara da shekaru sannan a kawo mana ita ta Kwatano fes daga sama, ƙasan kuma sai addu'a.

Wani ya ce in kai a liƙe da walda, wani ya ce a daddaƙe bakin fayif ɗin a kashe wannan layin kawai a ci gaba da tafiya, wlh akwai masu yin haka da iyalinsu a mota. Ni dai na nufi Ƙofar Ruwa na sayo nadin fayif 3/16, wato 4.75mm, mai haɗin tagulla da nikel, da notuna M10x1, da man birki DOT 4, da ɗan injin buɗe baki, wato mai faɗaɗa bakin fayif don noti ya matse shi mai kar ya zuba, mai zuwa a jar akwati.

Fayif ɗin ba ni da abin cewa, ya biya ni. Da hannu nake lanƙwasa shi a jikin kwalbar lemo ina bin siffar tsohon, bai karye ba bai lotsa ba, kuma ba ya tsatsa irin na ƙarfe. Amma dan Allah kar a ba ka zallar tagulla irin ta masu gyaran AC a ce duk ɗaya ne, girgizar mota na sa ta tsage.

Injin ne muka yi rigima da shi. Na farko da aka ba ni bakin da yake yi mai ninki biyu ne, irin na su Toyota da Honda, alhali Golf da yawancin motocin Jamus bakin nasu dunƙulalle ne kamar kan lema, babul suke ce masa. Sai da na ɓata baki uku ina ɗaurawa yana naso kafin na kara tsohon kusa da sabon na ga bambancin da idona. Na koma wurin mai shagon na ce Alhaji wannan fa ba na motata ba ne, ya juya guntun tsohon fayif ɗin a hannu ya ce “ai Malam da ka zo da shi tun farko”, ya canza min na cika ƴan kuɗi, babu musu. A nan kam ya kyauta, kuma laifin rabi nawa ne.

Na biyun yana aiki amma maƙallinsa santsi gare shi, kana matsawa fayif na zamewa baya, sai da na ɗaure shi a bayis, ƙarfen matse abu a kan tebur, na maƙwabcina na ƙara matse kunnuwan da filaya. Yankan fayif ɗin da ke cikin akwatin ma wuƙarsa ta dakushe da wuri. Dabarar da ta fisshe ni ita ce yanka a miƙe, kankare gefen ciki da waje, ɗiga man birki a kan abin matsawar, sannan a tafi a hankali. Kuma ka zura noti kafin ka buɗe baki, ni na manta sau ɗaya na zauna ina kallon kyakkyawan baki babu noti, Sadi har da riƙe ciki.

Sifana 11 mai tsaga ba ta cikin akwatin, ka saya daban, buɗaɗɗiya za ta cinye maka kan tsohon noti.

Cire iskar da ta shiga layin birki ya ci mana kusan awa, taya bayan taya. Bayan dama, bayan hagu, gaban dama, gaban hagu, ni ina ƙasa da tiyo a robar ruwa ina “taka, riƙe, saki” shi yana ciki, muna leƙa robar sama kar ta ƙafe mu koma farko. Man ya ɗiga a fenda na wanke da ruwa nan take don yana cin fenti. Bayan nan na danne feda da ƙarfi na ƙirga talatin ba ta sauka ba, na goge mahaɗin da farin tishu babu ɗigo, na zagaya layi a giya ɗaya sau biyu kafin na yarda na hau Zoo Road.

Makin da na ba su, fayif biyar bisa biyar, injin uku. In aikin sau ɗaya ne kuma ba ka da jak mai tsayuwa na tokare mota, kai wa makaniki ka tsaya a kansa ya sa sabon fayif. Ni ragowar nadin na nan, don fayif ɗin gaba na hagu ma na ga ya fara yin ja da tsatsa.