Yarinyar da ta yi muna zanen baje kolin hotunan matan Latin a Gusau

Masu ta tambayata a inbox wa ya yi muna fosta da bana da katin gayyata, to ga amsa gaba ɗaya. Wata yarinya ce mai ɗan shago wajen Tudun Wada, ita da laftof ɗinta sai ƙanenta mai kai aiki wurin firinta. Ƙungiyarmu ta mata ce ta shirya ɗan baje kolin hotunan matan Latin Amurka da sunka yi suna a waƙa da fim, tunda dai kowa ya san yadda Telemundo ta kama gidajenmu, har abinci ƙonewa yakai.

Mu da munka je abin da ke kanmu kawai a sa babbar hular nan ta Meziko da jan fure a ko'ina shi ke nan. Ta ce a'a Anti, ba a haka, matan nan ba ƙasarsu ɗaya ba, awa ka ɗauko rawanin Zamfara ka naɗa ma duk ɗan Afirka ne. Sai ta ware ma kowace launinta. Celia Cruz, 'yar Kuba da anka haifa a Havana 1925, ta ba ta ruwan lemu mai ƙarfi saboda irin gashin kanti kala-kala da take sawa, a gefe ta zana kwabon senti 25 da Amurka ta buga da fuskarta a 2024. Selena, mawaƙiyar Texas 'yar asalin Meziko, ta samu shunayya, kalar kayan da ta sa a babban wasanta na Houston a 1995, shekarar da anka kashe ta tana da shekara 23. Dolores del Río kuwa, 'yar fim ɗin Meziko, baƙi da fari ta bar ta tunda tun zamanin fim marar magana ta shiga Hollywood, kuma wallahi allon nan ya fi kowane kyau, mutane sun fi tsayawa gabansa. Rita Moreno ta Puerto Rico ruwan zinari, don babbar kyautar fim ta Oscar da ta ci a 1962.

Abin da ya haɗe su duka rubutu iri ɗaya ne da wani ɗan ado a saman kowane allo mai kama da takardar da ake yankewa a rataya lokacin biki a Meziko, shi ne a kati, shi ne a bajon masu tarbar baƙi, har ɗan hoton da munka riƙa sawa a status.

Sai maganar sutura, da ita ce ta fi damun Hajiya shugabarmu, don wasu hotunan ba za su shiga zauren da iyaye za su zo ba. Yarinyar ba ta tsaya shafa musu baƙin fenti a jiki ba yadda wasu ke yi abin ya fito wani iri, fuska zuwa kafaɗa kawai ta yanko ta ƙara girmansu. Ko Shakira haka ta fito tsaf ba wanda ya ce uffan.

Inda ban ji daɗi ba shi ne bugu. Kalar da munka gani a waya tana walƙiya, da ta hau fileks sai ruwan lemun Celia ya koma kamar ƙasa-ƙasa, ta ce wai allon waya haske yake amfani da shi, injin kuma tawada huɗu yake haɗawa, to ai sai ki faɗa muna tun farko a buga ƙarami a gani. Ga alƙawali, ta ce Laraba, sai daren Juma'a munka karɓa, yau ba wuta gobe janareto ya lalace. Kuma ƴan alamomin nan da ke saman harufan Sifaniyanci sun ɓace a suna guda, sai da anka sake bugawa, amma dai da kuɗinta ta gyara ba gardama.

Kuɗinta ya ɗan fi na masu kwafe zane daga intanet, rabi take karɓa kafin ta fara. In za ku ba ta aiki ku ƙara mata sati kan ranar da kuke buƙata, kuma kar ku yarda a buga babba sai kun riƙe samfur a hannu.